Injin Buga Suna na Hannu: Yadda Ake Aiki da Shi, da Abin Yi In Ya Ƙi

 

A wani ƙauye inda muke aiki tare da kwamitin bankin hatsi, an ajiye manyan robobi biyu masu murfi a kusurwa ɗaya ta sito. Ɗaya masarar ci ce. Ɗayar kuma irin masara ne wanda aka riga aka cuɗa da maganin ƙwari domin shuka. Sakataren kwamiti ya yi abin da ya kamata, ya rubuta sunan kowacce a takarda da biro, ya manna. Bayan wata huɗu kyankyasai sun cinye takarda ɗaya, danshi kuma ya wanke rubutun ɗayar. Ran da matan zumunta suka bukaci masara domin abincin taro, yarinyar da aka aika ta buɗe robar da ta fi kusa da ƙofa, ta ɗiba, ta kai niƙa. Mai injin niƙa ne ya lura da jan launi a jikin ƙwayar, ya ce a dakata. Ba don idonsa ba, da an tuƙa tuwon nan an raba wa jama'a.

Tun daga lokacin muke ba kwamitocin sito, da na ɗakin magani, da na rijiyar burtsatse shawara su nemi ɗan injin nan na buga suna a kan tef na roba. Ba ya shan batir, ba ya shan tawada, ba ruwansa da wutar lantarki. Rubutunsa kuma ruwa ba ya wanke shi, ƙwari ba su cinsa. Amma mun lura a wurare da dama an sayi injin, an yi aiki da shi mako biyu, sai aka jefa shi cikin akwati aka ce ya lalace. Da muka duba, yawancinsu lafiyarsu ƙalau. Matsalar daga hannun mai matsawa take, ko daga tef, ko daga ƙura.

Me ke cikin injin?

Wani kamfani mai suna Dymo ne ya yaɗa irin wannan inji. An kafa shi a shekarar 1958 a garin Berkeley na jihar Kaliforniya a Amurka, har yau kuma ana yin injin da wannan suna. Akwai na waɗansu kamfanoni, kamar Motex, amma aikinsu duka iri ɗaya ne.

Ku ɗauki injin ku dube shi ta gefe. Faifan nan mai haruffa da ake juyawa, ba ɗaya ba ne, faifai biyu ne a haɗe, ɗaya a kan ɗaya, da ɗan fili a tsakaninsu. Tef yana bi ta wannan fili. A faifai ɗaya kowane harafi ya kumburo, a ɗayan kuma akwai ramin wannan harafi daidai da shi. In aka matsa hannun injin, sai harafin da ya kumburo ya tura tef cikin ramin, tef ɗin ya ɗauki siffarsa.

Mutane sukan tambaye mu ina farin fenti yake fitowa. Babu fenti. Kun taɓa ganin bokitin roba mai launi ko kujerar roba, in an lanƙwasa ta da ƙarfi, wurin ya yi fari? Abin da ke faruwa ke nan. Robar ce take miƙewa har ta canja launi a wurin da aka tura ta. Saboda haka, in matsawar ba ta kai ba, farin ba zai fito ba.

Da an saki hannun, wani ɗan sifirin yakan mayar da shi wurinsa, a lokacin nan kuma wata 'yar tayar roba mai haƙora a gefenta takan ja tef gaba, daidai faɗin harafi ɗaya. Wato matsawa ita ke buga harafi, sakewa ita ke tura tef. Wanda ya riƙe wannan ya san rabin gyaran injin.

Sa tef da buga rubutu

Kafin ku sayi tef, ku duba faɗin da injinku yake ɗauka. Wanda aka fi samu shi ne na milimita 9, nadi ɗaya kuma yakan kai mita 3. Akwai na milimita 6 da na 12. In kun je kantin kayan ofis a birni, ku tafi da injin ko da guntun tsohon tef, kada a sayar muku da irin na injin batir. Wannan siriri ne kamar takarda, ba ya kumbura.

A buɗe murfin wurin tef, a sa nadin yadda fuskar mai launi za ta dubi sama in ta fito. Bakin sabon tef yakan lanƙwashe, sai a miƙe shi da yatsa, a tura shi cikin hanyarsa har ya tsaya. Daga nan a yi ta matsa hannun kaɗan-kaɗan har a ga bakin tef ya iso ƙarƙashin faifai.

A juya faifan har harafin da ake so ya zo daidai da kibiya ko tagar da ke nuna shi. Za ku ji ya yi ƙas ya zauna. Sai a matsa sau ɗaya, da ƙarfi, har ƙarshe, a saki gaba ɗaya. Barin fili tsakanin kalmomi ya danganta da irin injin. A waɗansu akwai wurin da ba harafi a kan faifai, a waɗansu kuma rabin matsawa ake yi. In an gama, a juya zuwa hoton almakashi a matsa. Injin mai kyau yakan yanke tef, ya kuma ɗan tsaga bakinsa domin a sami wurin kamawa a ɓare bayan.

Babu gogewa a wannan aiki. Harafin da aka buga ya bugu. Don haka muna roƙo, a fara rubuta kalmar a takarda da manyan baƙaƙe, mutum na biyu ya duba, sannan a taɓa inji. A namu injin, haruffa 10 sukan ci kusan santimita 5. Rubutu kamar IRI MAI MAGANI, tare da fili da ɗan abin da ake bari gaba da baya, zai ci kusan santimita 8. Ke nan nadi ɗaya ba zai ba ku irin wannan alama 40 ba. Yara biyu da suka sami injin a kan tebur za su iya ƙarar da shi kafin a tashi daga taro, kowa yana buga sunansa. Mun gani da idonmu, har da manya.

Abin da za a rubuta

A nan muke so mu ɗan daɗe, gama alamar da ta ruɗa mutum ta fi rashin alama haɗari. Wanda ya ga roba ba rubutu zai tambaya. Wanda ya ga rubutu kuwa zai gaskata shi.

Ba domin Hausa aka yi faifan nan ba. Babu Ɓ, babu Ɗ, babu Ƙ a kansa. Sau da yawa wannan ba ya hana ganewa, MAGANIN KWARI kowa ya san abin da ake nufi. Amma ku ɗauki BAKIN MAI. A jikin jarka, za a gane baƙin mai ne na inji. In aka manna shi a jikin mazurari a ɗakin injin niƙa, wani zai karanta shi bakin mai, wato inda ake zuba mai, ya ɗura fetur ko gas ta ciki. Haka BARI da ƁARI a ɗakin magani. In faifanku yana da ɗan waƙafin nan na sama, ku sa shi kusa da harafin, kamar BAK'IN MAI, kwamiti kuma ya yarda da tsari ɗaya kowa ya bi. In babu, ku nemi wata kalma. Abin godiya, kalmomin da muka fi bukata ba su da lanƙwasa: GUBA, IRI, FETUR, KANANZIR, MASARA, DAWA, GERO, WAKE.

Waɗansu tsofaffin faifai ba su da lamba 1 da 0. Ana amfani da harafin I da na O a madadinsu. Ba laifi, amma a sanar da masu karantawa, musamman in kwanan wata ne. Sunan wata kuma a rubuta shi cikakke, kamar MARIS 2025. Kada a rubuta 3/4, gama wani zai ce 3 ga Afrilu, wani ya ce 4 ga Maris, kayan da suka fito daga Amurka ma wata suke fara sawa kafin rana. Kada kuma a gajarta a ce MA ko YU. Maris ne ko Mayu? Yuni ne ko Yuli? Waɗannan biyu na ƙarshe harafi ɗaya ne ya raba su, sai a duba da kyau.

Ba kowa ne ke karatu ba, waɗanda kuma suke ajin yaƙi da jahilci sukan fi sabawa da ƙananan baƙaƙe, injin kuwa manya kaɗai yake bugawa. Saboda haka launi yana da amfani. Shawararmu ita ce a keɓe jan tef domin abin da ba a ci, ba a sha: maganin ƙwari, maganin ciyawa, iri mai magani, fetur. Kada a taɓa yin amfani da ja a kan wani abu dabam, ko da sauran launukan sun ƙare. A yi sanarwa a majami'a da wurin taron mata, a nuna wa yara, har kowa ya san ja yana nufin kada a taɓa.

Abu biyu ne alamar nan ba ta ba da izininsu ba. Na fari, ba ta ba da izini a juye maganin ƙwari cikin kwalbar lemo ko gorar ruwa ba. Yaro mai shekara uku ba ya karanta GUBA, kwalbar ya sani. Maganin ya zauna a mazubinsa na asali, a kulle, nesa da abinci. Na biyu, a ɗakin magani kada a manna tef a kan rubutun kamfani, ya rufe ranar ƙarewar aiki ko lambar NAFDAC. A sa sunan a bakin kanta ko a jikin akwati. Yawan da za a sha kuma aikin ma'aikacin lafiya ne, ba na tef ba.

In rubutu bai fito da kyau ba

Harafi ya fito dishi-dishi, farinsa bai nuna ba. Mafi yawa matsawa ce ba ta kai ƙarshe ba. Hannu yakan gaji bayan alama goma ko sama da haka, sai a huta, ko a kama da hannu biyu. In da sanyin safiya ne lokacin hunturu, kamar yadda ake yi a Jos da ƙauyukan kan dutse, robar takan yi tauri. A sa nadin cikin aljihu na ɗan lokaci ya ɗumama. In an yi duka wannan amma harafi ɗaya tak ne yake ƙin fitowa, to haƙorinsa ya cinye ko datti ya cika raminsa. A duba A da farko. Babu harafin da Hausa take ci kamarsa, ku ƙirga shi a kalmar MASARA ku gani.

Rabin harafi ya fito, ko guntayen haruffa biyu tare. Faifan bai zauna ba aka matsa. Wannan kuskure ne da ya kamata a ji tsoronsa, domin kowane harafi yana kan ɗan siririn harshe ne na roba, matsawa a tsakanin biyu kuma takan karya shi. In ya karye ba ya ɗinkuwa. A waɗansu injuna ana iya cire faifan a sa wani, a waɗansu kuwa sai sabon inji.

Haruffa suna hawa kan juna. Ku tuna, sakewa ke tura tef. Mai sauri yakan sake matsawa tun hannun bai koma wurinsa ba. In ana saki sosai amma abin bai daina ba, tayar robar ce take santsi saboda ƙura ko gam, ko kuwa nadin ya maƙale a ɗakinsa ba ya juyawa. A cire tef, a goge tayar da auduga a kan tsinken ashana, da ɗigon sifirit irin na asibiti. A bari ta bushe. Ƙurar da ke tsakanin faifai kuma tsohon buroshin haƙori ya ishe ta.

Rubutu ya karkata sama ko ƙasa, bai zauna a tsakiya ba. Tef ɗin ya fi hanyarsa ƙanƙanta, ko kuwa a karkace aka tura shi tun farko.

In tef ya maƙale

Nan ne aka fi kashe injuna. Tef ya ƙi fitowa, sai mai ƙarfi ya kama shi ya fizga baya. Haƙoran da ke jan tef an yi su ne su tafi gaba, fizgar nan takan cinye su ko ta tsinke sifirin. Wani kuma yakan zura wuƙa ko ƙusa tsakanin faifai. Kada a yi.

A buɗe murfi, a yanke tef da almakashi kusa da nadin, a ajiye nadin gefe. Guntun da ya rage a ciki, a bi shi ta gaba: a riƙa ɗan matsa hannun, ana jan bakinsa a hankali in ya leƙo. In injinku yana da ɗan maɓallin juyawa a gefe na tura tef, da shi za a yi aiki. Bayan an fitar, a leƙa ciki da tocila. Sau da yawa za a tarar da ɗan guntun bayan tef ya ɓare ya manne a hanya. A cire shi da tsinke na itace. Kafin a mayar da nadin, a yanke bakinsa ya miƙe sak, a tabbata bayan bai fara ɓarewa ba.

Me ke jawo maƙalewa tun farko? Zafi ne. Nadin da ya kwana biyu a kan taga, ko cikin mota, ko a ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, gam ɗinsa yakan narke ya tsattsafo ta gefe, nadin kuma ya goce kamar an tura tsakiyarsa da yatsa. Irin wannan in an danna shi a kan tebur yakan koma daidai, amma gefensa zai yi ta danƙo.

Wannan gam ɗin ne kuma yake taruwa a bakin wuƙar yanka har ta daina yankewa. A goge ta da sifirit. Kada a sa fetur ko tina, suna cin roba. Kada kuma a ɗiga man gyaɗa ko baƙin mai wai don injin ya yi laushi. Man zai kai ga tayar, ta daina kama tef, ƙura kuma ta sami wurin zama. In wuƙar ta dakushe ƙwarai, ba a rasa komai ba. A tura tef gaba a yanke da almakashi, a ɗaga bayan da farce.

In alama ta ƙi zama

Tef ɗin nan yana da ɗan tauri, kullum so yake ya miƙe. Yana son wuri mai santsi, busasshe, marar maiƙo. A wanke wurin da sabulu, a bari ya bushe sarai, a manna, a danna da babban yatsa daga tsakiya zuwa gefe, musamman tsakanin haruffa da bakin nan biyu. Kada yatsa ya taɓa gam ɗin. In aka ɗan rage kusurwoyi huɗu da almakashi, ba za su kama tufa ko hannu su ɗago ba.

A jikin ƙaramar kwalba, kada a naɗa shi ya zagaye ta, bakinsa zai tashi cikin kwana kaɗan. A manna shi a tsaye, daga sama zuwa ƙasa. A kan roba mai murfi kuma, jikin robar ake sa wa suna, ba murfi kaɗai ba, gama murfi yakan yi musanya.

Buhu, bangon laka, da katakon da ba a goge ba, ba sa riƙe shi ko kaɗan. Abin da muke yi shi ne, mu yanka guntun tsohuwar jarka kamar faɗin yatsa biyu, mu huda gefe ɗaya, mu manna alamar a kai, mu ɗaura a wuyan buhu da igiya ko waya. Irin wannan yana da kyau ga makullai, da buhunan membobin bankin hatsi, da jakunkunan kayan gyaran famfo. In buhu ya ƙare a kwance a ɗaura wa wani.

Wurin da kuma ba a kai shi ko kusa shi ne wurin zafi: jikin janareta, kan injin niƙa, fitila, tukunya. Zafi yakan sa robar ta yi laushi ta koma yadda take, haruffan su kwanta, farin ya ɓace. Can fenti ya fi.

Ga 'yan'uwanmu makafi

Da yake haruffan sun kumburo, wanda idonsa ya raunana bayan ya riga ya san boko yakan iya gane gajeren rubutu da yatsa, ko aƙalla ya bambanta roba mai alama da marar alama. Akwai kuma irin wannan inji da aka yi faifansa da ɗige-ɗigen rubutun makafi, yawanci mai ɗaukar tef na milimita 12. Wanda yake gani ma zai iya bugawa da shi, domin an rubuta baƙaƙen boko a gefen ɗigon. In akwai wanda ya koyi wannan rubutu a cikinku, kamar waɗanda suka yi makarantar makafi ta Gindiri da aka buɗe a 1953, ku tambaye shi abin da yake so a sa wa alama, da kuma inda hannunsa zai fi samunta.

Ajiya

Injin da tef su zauna cikin leda ɗaure, a cikin gwangwani ko akwati mai murfi, a ƙasa-ƙasa inda ɗaki ya fi sanyi. Mutum ɗaya ya riƙe shi, na biyu kuma ya koyi aiki da shi, domin ran da na farko ya yi tafiya. Ma'aji ya rubuta tef cikin kayan da ake saye kowace shekara, ja guda biyu, wani launi guda biyu, a saya tun kafin girbi.

Duk kwamitin da yake da injin da aka ajiye wai ya mutu, kada a yar. Ku zo da shi taro na gaba, tare da tef ɗinsa da guntun rubutun ƙarshe da ya buga, mu buɗe shi tare.